Rantsuwar Baba da Ƙuri'ata

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ara mini kwana har na ga tattaɓa kunnena suna yi mini gyaran Larabci. Wannan babin na daɗe ina kewaye shi kamar mai kewaye kududdufi, yau dai zan taka. Na san abin da kuka ji. Kun ji an ce Hajja Uwani ce ta karya rantsuwar ubanta, ta kunyata dattijo a gaban jama'ar masallaci, har ya bar duniya yana fushi da ita. Wanda ya fara yaɗa wannan magana ya riga mu gidan gaskiya, shi na yafe masa, maganar ce ban yafe wa ba. Ku zauna ku ji daga bakin wadda aka yi abin a kanta, in ya so kowa ya yanke nasa hukuncin.

Kakanmu da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa zai tafi Makka. Ya yi hajjinsa, a hanyar komawa damina ta tare shi a Gadarif, nan ƙasar Sudan, ya ga baƙar ƙasar nan da ake jefa mata dawa ta fito ba taki, ya ce bari ya yi noma ɗaya ya samu guzuri. Noma ɗayan nan ne har yau ba mu gama ba. A nan aka haifi Baba, Malam Idrisu, a nan ya yi karatu, a nan ya binne iyayensa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini, sauran gida su ce Uwani. Gidanmu tun zamanin kaka mabiya wani babban gidan shehunai ne, da aka samu 'yancin kai kuwa sai jam'iyya ta fito daga wannan gidan, kuma a wurin Baba bin shehi da bin jam'iyyar duk abu ɗaya ne. A zaɓen farko, bayan an idar da Juma'a, ya miƙe a gaban jama'a ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani, ya rantse cewa muddin yana numfashi, shi da duk wanda ya fito daga tsatsonsa ba za su ba kowa ƙuri'a ba sai wannan jam'iyya. Ba wanda ya tilasta shi, zuciyarsa ce ta cika ya yi. Lokacin mata ba sa zaɓe, ina sabuwar amarya, da labarin ya iso mana na rangaɗa guɗa tare da kowa. Ina na san maganar za ta biyo ni har bakin murhu?

Daga ranar Baba ya zama mai riƙe tuta. In manya za su zo daga Hartum, shi ne a gaba a tsakiyar rana, farar jallabiyarsa ta jiƙe sharkaf, fuskarsa kuwa kamar an yi masa bushara da aljanna. Abokinsa na ƙuruciya, Alhaji Ɗahiru, shi ne wakilin jam'iyya a unguwarmu. Ranar zaɓe in lori ta fito kwasar mutane, a ƙofarmu take fara tsayawa, a sa Baba a gaba kusa da direba. Da aka ba mata dama ni ma na hau, ni da Inna mahaifiyata, muna waƙa muna tafi, ban ma san sunan wanda na zaɓa ba. Baba ya ce, shi ke nan, magana ta ƙare.

Gonarmu tana wajen Gadambaliya. Kaka da Baba suka sare ta da gatari, suka tone kututture da hannu. Ba ta da takarda, don a lokacin ba a tambayar ƙasa takarda, kowa ya san daga aduwar nan zuwa bakin kwari na Malam Idrisu ne. Damina biyu kafin zaɓen da nake ba ku labari, ruwan farko ya sauka, yayana Sale ya ɗauki iri da saluka, sandar nan da muke huda ƙasa da ita mu jefa iri, ya tafi shuka. Sai ya tarar tarakta ta riga shi. Ta kece gonar daga wannan kai zuwa wancan, ta haɗa da ta maƙwabta, an kakkafa duwatsu masu fenti. Aka ce masa wurin ya shiga mashru'i, wato shirin manyan gonakin tarakta, gwamnati ta yanka wa wani attajiri. Attajirin nan kuwa ba baƙo ba ne, shi ke zama a inuwa kusa da ɗan majalisarmu duk ranar taro, Baba na tsaye a rana yana riƙe musu tuta.

Baba ya ce kuskure ne, manya ba su sani ba. A lokacin idonsa ya fara hazo, sai ni na ja shi zuwa gidan ɗan majalisar ranar da muka ji ya shigo gari. Muka zauna a rakuba, rumfar ƙofar gida, tun hantsi har aka kira la'asar. An ba mu ruwa, an ba mu shayi, ban ce ba a ba mu ba. Da mutumin ya fito zai shiga mota, Baba ya miƙe da sauri har sandarsa ta faɗi, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya faɗi abin da ya kawo shi a taƙaice, cikin Larabcin da ya fi nasa kyau. Mutumin ya saurara da kunne ɗaya, ƙafarsa ɗaya na cikin mota, sannan ya ce:

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya Hajj Adam. Amma ku kuna da jinsiyya kuwa? Ƙasar mashru'i ta 'yan ƙasa ce."

Hajj Adam! Duk shekarun nan na tuta da rana, ko sunansa bai riƙe ba. Jinsiyya kuma, takardar zama ɗan ƙasa, ranar da ake loda mu a lori ba mahaluƙin da ya taɓa tambayarmu ita. Wallahi na buɗe baki zan yi magana, Baba ya matse hannuna har sai da na ji zafi. Muka kamo hanya, sai da muka tsallake layin dogo Baba ya ce:

"Bai gane ni ba ne, Uwata. Mutane sun yi masa yawa."

Kuka nake yi, na danne shi don kada ya ji.

Da kaka ta yi, Yaya Sale, magidanci mai iyali, ya shiga layin 'yan ƙwadago a tasha, aka kwashe su zuwa yankan dawa. A ina aka sauke su? A gonarmu. Ya ce ya gane aduwar tun daga nesa, a ƙarƙashinta ya ci abincin rana tare da baƙin da ba su san komai ba, wani ma yana ce masa mai gonar nan ya iya zaɓen ƙasa. Yana ba ni labarin yana dariya, irin dariyar da ta fi kuka ciwo. Baba ba a faɗa masa ba, muka haɗa baki aka ce masa a wajen Mafaza Sale yake aiki.

To, sai ga zaɓe ya sake zagayowa. Ni a lokacin godogodo nake sayarwa a bakin kasuwa, kunun geron nan namu mai kauri da nono, wanda Larabawan gari ma suke yi wa layi. Mai sayar da abinci ba abin da ba ta ji. Wannan an cinye masa gona, wancan an ce za a rushe masa gida don ba shi da jinsiyya, waccan ta gaji da sayen ruwan jaki bayan an yi mata alƙawarin famfo tun tana goyon ɗanta na fari. Mutane suka fara zamewa daga tsohuwar jam'iyya ɗaya bayan ɗaya, kamar ana zare tsintsiya, amma a ɓoye, kowa na kallon bakin ɗan'uwansa. Wanda suke komawa wurinsa wani malamin firamare ne da ya tsaya a wata jam'iyya, ustaz kawai muke ce masa. Ba shi da mota, a keke yake zuwa. Ya zauna a kan 'yar kujerata ya sha godogodo ya biya, ya tambayi sunana, da ya dawo mako na gaba ya kira ni da shi. Bai ce zai dawo mana da gona ba, ya ce zai tsaya a kan maganar wanda ya sare daji da wanda aka haifa a ƙasar nan. Ban ce waliyyi ne ba. Amma mutum ne da ke kallon fuskarka in kana magana, mu kuwa mun yi kewar wannan.

Na faɗa wa mijina Usman, kakanku, abin da ke raina. Yana wanke baƙin man gareji daga hannunsa ya ce:

"Ni dai suruki ne, ban fito daga tsatsonsa ba. Rantsuwar ta tsallake ni ta faɗa kanki. Ki bi a hankali, Uwani, ba ki da wani uban."

Allah Ya ji ƙansa, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawunsa ba. Yaya Sale kuwa dariya ya yi mini.

"Ke kin cika ɗora wa kanki kaya. Hau lorinsu, sha shayinsu, in kin shiga ɗakin zaɓe ki yi abin da ranki ke so. Wa zai gan ki? Rabin unguwa haka za su yi, ni ma haka zan yi."

Na ce masa rabin unguwa ba rantsuwa a kansu. Ku fahimci inda na tsaya, don nan ne gaba ɗaya maganar take. In na yi a ɓoye, rantsuwar Baba ta karye bai sani ba, ya ci gaba da yawo da ita a wuya har ya shiga kabari. Mu kuwa mun tashi mun ji cewa wanda ya dafa Alƙur'ani abin ya karye, Alƙur'ani na cin sa. Malamanku na yanzu za su ce ba haka abin yake ba, to ni haka na sani, kuma ubana ne, ba zan yi gwaji da shi ba. In kuma na bi rantsuwar, da hannuna zan ɗaga mutumin da ya ce masa Hajj Adam. Na gwada a zuciyata, hannun ya ƙi. Na yi tunanin in kwanta ranar in ce kaina ke ciwo, sai na ga ita ma ƙarya ce, kuma zaman gida kyauta ce ga mai ƙarfi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce zan je in faɗa masa.

Gidana da nasu danga uku ce tsakani, kuma tun da na yi aure ban taɓa fashin kai masa kwanon godogodo da safe ba, da shi yake karyawa. Ranar na same shi a kan angarib, gadon igiyar nan nasa, a gindin dalbejiya, Inna na gefe tana soya gahawa. Na ajiye kwano na durƙusa.

"Baba, na zo da magana."

"Maganar da ta sa kika durƙusa tun ba ki gaishe ni ba babba ce. Faɗi, Uwata."

"Bana ba zan ba su ƙuri'ata ba. Ustaz zan ba."

Inna ta daina juya gahawa. Baba yana jan carbi ya ce:

"Kin san na rantse?"

"Na sani, Baba. Shi ya sa na zo. Ba na so ta karye a bayan idonka."

"A gaban idona kike so ta karye ke nan."

"Baba, sun cinye gonarka. Sun tambaye ka jinsiyya a garin da ka binne uwarka."

"Gonata ce ko taki? Ni aka yi wa, na ce na haƙura. Wa ya aike ki?"

Sai ya juya fuskarsa wajen danga ya ce:

"Ke, tashi ki ba ni wuri. Ɗauki kwanonki."

Ke. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya ce mini ke tsura ba. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Washegari na sake kai kwanon, da azahar Inna ta dawo mini da shi ya yi sanyi, ba a ko buɗe shi ba. Haka jibi, haka gata. In na yi sallama ya amsa, don amsa sallama wajibi ne, daga nan ba ƙari. Magana kuwa ta fita, ban san ta bakin wa ba. Alhaji Ɗahiru ya riƙa zarya gidanmu yana ce wa Baba ya ja wa 'yarsa kunne. Wasu mata suka daina sayen godogodona, wasu kuma su zo su saya su raɗa mini cewa suna bayana, su waiga su tafi da sauri. Kowa na bayana, ba kowa a gefena. Na rame har zanena ya daina zama. Wata rana na ce wa Inna na gaji, zan je in ce masa na tuba, jam'iyya ba ta kai uba ba. Inna ta dube ni ta ce in na tuba don na ga kuskurena ne to, in kuwa don kwano ne, in ƙara haƙuri.

Ana saura kamar mako guda zaɓe, Baba ya tara 'ya'yansa maza da ƙannena mata a tsakar gida. Ni ba a kira ni ba, ina cikin madafa na zo karɓar kwanona, ina jin komai ta jikin zana. Ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce, muna tare da kai, Baba. Yaya Sale ne ma ya fi kowa ɗaga murya. Baba ya sa musu albarka, suka watse. Inna tana zuba masa gahawa daga jabana, 'yar butar gahawar nan. Matar nan, a iya rayuwata ban taɓa jin ta musa masa ko a kan gishirin miya ba. Sai na ji ta ce, a hankali, kamar tana faɗar farashin albasa:

"Malam, waɗanda suka yi maka ƙarya ka sa musu albarka. Wadda ta faɗa maka gaskiya ka mayar mata da kwano."

"Me kika ce?"

"Ka ji ni. Idonka ne ya yi rauni, kunnenka ƙalau yake. Gobe in Sale ya zo gaishe ka, ka taɓa tafin hannunsa, ka tambaye shi a gonar wa ya samo wannan kantar. Ba a Mafaza ba ne."

Na toshe bakina da gefen mayafi. Na jira tsawa, ba ta zo ba. Gahawar ta huce a gabansa bai sha ba. Ranar bai fita masallaci sallar la'asar ba, a gida ya yi, kuma Inna ta ce mini ya daɗe a zaune a kan buzu bayan ya sallame.

Ranar Alhamis ina kasuwa sai ga Yaya Sale, idonsa jawur, ya ce Baba ya ce in zo yanzu, in taho da babbar tukunyata. Na tambaye shi lafiya, ya ce in dai zo. Ina shiga na tarar ana haƙa a bayan ɗakin Baba. Matmura ake buɗewa, ramin nan da muke binne dawa a ciki ta shekara da shekaru ba ta lalace ba. A cikinta akwai amfanin ƙarshe da aka ɗebo daga gonar Gadambaliya. Baba ya hana a taɓa shi ko lokacin da muke awo a kasuwa, yana cewa iri ne, ranar da aka gyara kuskure da shi za a shuka. Yana tsaye a bakin ramin da sandarsa, ƙamshin tsohuwar dawa ya cika gidan. Bai yi mini magana ba, Inna ce ta ce a kai niƙa, ni zan tuƙa. Na tuƙa tuwo har kafaɗata ta ƙage, aka kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa, aka yanka ɗan akuyan da Inna ke kiwo. Baba ya aiki Yaya Sale tasha ya kirawo mutum goma cikin 'yan ƙwadagon da suka wuni ba su samu aiki ba. Yunwa ba ta san lissafi ba, ya dawo da ninkin haka, Baba ya ce a shimfiɗa wa kowa. Ya kuma aika aka kira liman da Alhaji Ɗahiru da dattawan masallaci, waɗanda suka shaida rantsuwarsa. Sai da baƙin suka ci suka ƙoshi suka wanke hannu, sannan ya dafa sanda ya miƙe. Mu mata muna leƙe ta bayan zana.

"Jama'a, kuna nan ranar da na rantse. Na rantse a kan kaina, wannan hakkina ne. Na rantse a kan 'ya'yana, wannan ba hakkina ba ne, na ɗaure abin da ba ni na halitta ba. Allah Ya bar wa mai rantsuwa ƙofa, ya ciyar da miskinai goma. Ga shi na ciyar tun ba ta karye ba. Daga yau kowane ɗa nawa ya bi abin da idonsa ya gane masa, ba nauyi a kansa, ba nauyi a kaina. Liman, ya halatta?"

Liman ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya halatta, Malam."

Alhaji Ɗahiru ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Idrisu, da girmanka 'yar cikinka ta juya ka kamar waina. To, a ba ni tutar."

Baba ya ce wa Yaya Sale ya ɗauko. Da hannunsa ya laluba ya naɗe ta, ya daidaita gefe da gefe, ya sumbace ta, ya miƙa. Dattawa suka fita ɗaya bayan ɗaya, wasu ko sallama ba su yi ba. 'Yan ƙwadagon nan bayin Allah ba su san me ake ciki ba, suka yi ta zuba addu'a suna tafiya. Da gida ya yi shiru na fito kwashe kwanuka, ina taka ƙasa a hankali kada ya ji ni. Ashe ya san takuna.

"Uwata."

Kwanukan suka zube daga hannuna.

"Ina kwanon nan nawa? Na gaji da karyawa da shayi tsura. Ni na yi fushi, cikina bai yi ba."

Na faɗi a gabansa na kifa kaina a gwiwarsa, na yi kukan da ban yi ba tun ina yarinya. Yana shafa kaina yana cewa ya isa, ya isa, uwa ba ta kuka a gaban ɗanta. Inna kuwa ta ce mu tashi mata daga hanya tana da wanke-wanke, alhali ita ma da gefen zane take share ido.

Kada ku ce na ce muku mun ci riba. Ustaz bai ci zaɓen ba, ɗan majalisar nan dai shi ya koma, ba a daɗe ba kuma soja suka karɓe mulki suka sallami kowa. Gona ba ta dawo ba har yau, in kun bi hanyar Gadambaliya kun wuce ta ba ku sani ba. Baba ne ya biya kuɗin abin, ba ni ba. Wurinsa na sahun gaba, bayan liman, ya je ya tarar wani a zaune, sai ya koma baya. Majalisar dattawa ta bayan magariba ta daina yi masa wuri. Alhaji Ɗahiru, wanda suka yi kaciya rana ɗaya, bai sake taka gidanmu ba sai ranar jana'izar Baba. Tsufansa ya zo da kaɗaici, kuma na san dalilina ne, wannan ciwon yana nan tare da ni. Amma fushi, babu. Ya rayu shekaru bayan nan, kullum da kwanona yake karyawa, kuma kansa na kan cinyata ya cika.

Saura in gaya muku safiyar zaɓen. Na fito ƙofar gidana da mayafi, sai na hango Baba a tasa ƙofar. Ya sa farar jallabiyarsa ta taro, ya naɗa rawani, ya fesa turare, yana tsaye shi kaɗai yana jiran lori. Can sai ga ta ta shawo kwana, cike da mutane ana waƙa, tutar nan na kaɗawa a hannun wani. Baba ya ji ƙarar inji ya gyara tsayuwa, ya ɗaga sandarsa. Lorin ta rage gudu, na ga Alhaji Ɗahiru a gaba kusa da direba ya yi magana, sai ta ƙara wuta ta wuce. Baba ya daɗe da sanda a sama kafin ya sauke. Ya sa hannu yana kakkaɓe ƙurar da ta zauna masa a riga.

Na je na kama bakin sandar. Ban ce na gani ba, shi ma bai tambaya ba.

"Baba, mu tafi. Makarantar da ake zaɓen ba nisa."

Muka kama hanya, ni a gaba shi a baya, ina faɗa masa inda rami yake. Mutane na wuce mu, wasu su gaishe shi, wasu su kau da kai. Na daure, na daure, da muka kusa sai halina ya motsa.

"Baba, don Allah, bayan duk wannan, su za ka ba?"

"Su zan ba."

"Ai ka yi kaffara. Kai ma ka kuɓuta."

Ya tsaya, sandar ta ja hannuna baya. Na juyo. Bai taɓa ba ni labarin da ya ba ni a wurin ba, kuma bai sake maimaita shi ba.

"Daren da ubana zai rasu, ya kama hannun nan ya ce, Idrisu, mu baƙi ne, gidan shehi ne ya karɓe mu lokacin da ba wanda ya san mu, kada ka sake su. Na ce masa to. Ku ni na ɗaure ku, ina da rai, na kwance ku. Ni wanda ya ɗaure ni yana ƙarƙashin ƙasa, Uwata. Wa zai ciyar da mutum goma saboda ni?"

Na gyara masa gefen rawaninsa da ya zame, na kai shi har bakin layin maza, na sa hannunsa a kafaɗar na gabansa, sannan na tafi na shiga layin mata.